Ranar da Motar Taubashina Ta Hau Kututture

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da waɗanda ya kamata in riƙe, amma ranar da motar taubashina ta hau kututture a hanyar Utai ba za ta fita daga raina ba sai ƙasa ta rufe mini ido. Ba haɗari aka yi ba, ba wanda ya ji ko ƙwarzane. Amma ni a ranar na ji ciwon da ya fi na karaya, kuma shekaru sun ja kafin in iya ba da labarin ina dariya.

Ni mai walda ne a Wudil. Ƙofofi, tagogi da gadajen ƙarfe su ne abincina, shagona kuma yana bakin titi, kafin a kai gada. Ni ne ɗan fari a gidanmu, a nan kuwa maganar take. Baba tsohon direban tifa ne, ya ƙarar da ƙarfinsa wajen ɗebo yashi daga kogi, kuma mutum ne da ya riƙi alkunyar ɗan fari kamar farilla. Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. In zai kira ni sai ya ce “kai”, in zai ba da labarina sai ya ce “wancan”. Ƙannena suna zama su yi ta hira da shi har da tafawa, ni kuwa daga gaisuwa sai tashi. Na saba, ko in ce na ɗauka na saba, don duk ɗan farin da na sani a unguwarmu haka yake fama.

Taubashina ɗan ƙanwar Baba ne. Mahaifinsa ya rasu tun yana rarrafe, saboda haka rabin tasowarsa a gidanmu ya yi ta. Kwano ɗaya muka ci, tabarma ɗaya muka kwana, bulala ɗaya ta dake mu. Ina ce masa bawana, shi ma yana ce mini bawansa, har yau ba a raba gardamar ba. Shi ya yi nisa a boko ya zama injiniya, aiki ya kai shi ƙasar waje ya daɗe. Da ya tashi dawowa, maimakon ya zo da mota kamar kowa, sai ya zo da akwatunan katako. Wai mota ce a ciki, irin wadda ake sayarwa gunduwa-gunduwa, mai saye ya haɗa abarsa da hannunsa. Shasi daban, bodi daban, kujeru daban. Inji kuma ya shiga Kano ya sayo ɗan Kwatano.

Gidan mahaifiyarsa ba fili, sai aka sauke kayan a ƙofar gidanmu, ƙarƙashin darbejiya. Tun daga ranar Baba ya tare a gindin bishiyar nan. Mutumin da ciwon gwiwa ya hana zuwa gona, sai ga shi yana durƙuso yana miƙa sifana. Injiniya kaza, Injiniya kaza. In aka ɗaura taya, sai ya ba da labari a masallaci. In aka tayar da inji, sai ya aika a kira abokansa tsofaffin direbobi su zo su ji ƙara. Ni kuwa in dawo daga shago idona jajir saboda wutar walda, in durƙusa in gaishe shi, ya ce “yauwa” ko waiwayowa bai yi ba, hankalinsa na kan noti.

Ba zan ɓoye ba, kishi na ji, irin mai hana cin tuwo. Ga ni magidanci da ’ya’ya, amma in na hango Baba yana dafa kafaɗar taubashina sai in bar wurin. Na yi shekaru ina sana’a a garin nan, ƙofar da na ƙera tana gidajen manya, amma Baba bai taɓa tsayawa ya dubi aikina ya ce ya yi kyau ba. Shi kuwa wannan, daga ɗaura madubi sai albarka. Wasan taubasantaka ya zame mini mafaka. Na kira motar ƙadangare, na kira ta gadon yara, na ce ko akuya ta fi ta tsayi. Mutane su yi dariya, shi ma ya yi, ba wanda ya san da gaske nake. Matata ce kaɗai ta gane, ta ce mini labarin zuciya a tambayi fuska, ni kuma na ce ta kula da girkinta.

Gaskiya dai motar ta yi kyau. Ja ce, mai kujera biyu, ba rufi, kuma a kwance take da ƙasa kamar an danne ta. Wannan kwanciyar ita ce adonta, ita ce kuma cutarta. Ranar da aka fara fita da ita, a tudun farko na rage gudu da ke layinmu muka ji ƙiiii daga ƙarƙashi. Baba da kansa ya durƙusa ya tura dunƙulen hannunsa tsakanin ƙasa da botomfilet, wato kwanon nan da baƙin mai ke taruwa a gindin inji. Da ƙyar hannun ya shige. Ya miƙe yana kaɗa kai, ya ce motar an yi ta ne don titin da aka share da tsintsiya. A hanyoyinmu, dutse ɗaya ya isa ya huda kwanon, mai ya tsiyaye mutum bai sani ba, inji ya buga. Ya ce ya ga hakan ta faru da tifa ma, balle wannan.

Bayan ’yan kwanaki sai ga taubashina a shagona, wai in ƙera masa farantin ƙarfe da zai kare kwanon. Na ja masa rai, na ce ai ni mai ƙofofi ne, me na sani game da motar Turawa. Amma cikina fari tas. A raina na ce yau Baba zai ga aikin ɗansa.

Sai dai na tafi da tunanin mai ƙofa. A wurinmu aiki mai kyau shi ne wanda aka narke shi ya zama jiki ɗaya, ɓarawo ya yi ta duka bai ɓalle ba. Na yanko ƙarfe mai kauri, na ɗauko injin walda na kai ƙofar gida, niyyata in manne shi da ƙarƙashin motar ta kowane gefe, ko iska kada ta shiga. Taubashina na ganin haka ya riƙe ciki yana dariya. Ya ce, “Bawana, in ka rufe ta haka, ranar juyen mai sai mu kira ka ka fasa?” Sannan ya yi mini bayani dalla-dalla. Da noti za a ɗaure farantin, a jikin shasi ba a jikin inji ba, don duka ya tafi ga ƙashin mota. A bar ratar ɗan yatsa tsakaninsa da kwanon, don in ya lotsa kada ya taɓa shi. A lanƙwasa gabansa sama kamar bakin kwalekwale, ya riƙa zamewa a kan abu maimakon ya soke shi. A huda daidai notin juye mai, a kuma yi ’yan ramuka don iska ta shiga, taɓo ya fita.

Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, wannan kuwa shi ya fi ƙona mini rai. Baba na zaune yana ji. Bai dube ni ba, ya ce, “To, ka ji abin da Injiniya ya ce.”

Na naɗe wayata na koma shago. Ban taɓa yin aiki da zuciya irin wannan ba. Na auna, na sake aunawa, na yanka, na gasa ƙarfen na lanƙwasa shi a hankali. Na goge bakinsa har ya yi sumul, alhali na san ba mai ganinsa sai ƙasa. Kan notocin ma na nutsar da su ciki don kada su kama wani abu. Ranar da muka ɗaura shi ya zauna daram kamar da shi aka zo. Na fito daga ƙarƙashin motar ina kakkaɓe riga, ina satar kallon Baba. Ya leƙa, ya ƙwanƙwasa ƙarfen da sandarsa, ya juya ya ce wa taubashina sannu da ƙoƙari.

A ƙarshen daminar shekarar aka sa ɗaurin auren wani ɗan’uwanmu a wata ’yar ruga gaba da Utai, inda asalin su Baba yake. Baba ya ce shi a jar motar nan zai je. Kujera biyu ce, ba sai an faɗa mini wanda zai zauna a ta biyun ba. Ya sa farar babbar riga da hular da yake ajiyewa don Sallah, aka taimaka masa ya zauna, gwiwoyinsa kusan a ƙirji. Ni na hau mashin na bi su a baya.

Wannan tafiya ta gasa ni. Duk inda muka ratsa, jama’a na fitowa kallo, masu kifi a bakin gada suna ɗaga hannu, Baba ma yana ɗaga musu kamar wanda ya ci zaɓe. Ina hango ƙeyarsa da ta taubashina sun kusa haɗuwa, suna magana suna dariya. Me suke faɗa? Wace hira ce wannan da ba ta ƙarewa? Ni da aka haifa a gidan, ban taɓa samun ko rubu’inta ba. Ina tuƙi ina lissafa laifuffukan taubashina tun na yarinta, har da wata alewa da ya cinye mini muna ’yan firamare.

Da muka sauka daga kwalta muka kama hanyar gona, sai tafiya ta canza. Tayoyin tarakta da amalanken shanu sun haƙa kwari biyu, tsakiya ta yi tudu, ciyawa ta rufe ta. Dawa ta yi tsayi dama da hagu. Taubashina yana ta lallaɓawa, yana ɗora taya a kan tudun inda ya samu dama. Mun kusa shiga rugar, har muna hango rumfar ɗaurin aure, sai na ji wani gum! Motar ta yi tsalle kaɗan ta tsaya cak. Hular Baba ta faɗo kan cinyarsa. Taubashina ya taka mai, tayoyin baya suka yi ta juyi a banza. Ashe wani tsohon kututturen marke ne a ɓoye cikin ciyawar, motar ta hau kansa ta zauna.

Kafin ka ce kwabo ’yan ɗaurin aure sun baro rumfa sun kewaye mu. Aka fito da Baba. Kowa ya zama makanike, wannan na cewa a tura gaba, wancan na cewa a ja baya. Sai wani dattijo, ɗan’uwan Baba ne na nesa, mai son a ji bakinsa a taro, ya sunkuya ya leƙa. Ya ɗago ya ce ai wani ƙarfe ne da aka liƙa mata a ciki ya kama, ba don shi ba da ta wuce lafiya. Ya tambaya da ƙarfi wai wane ne ya yi wannan ɗanyen aiki.

Rabin mutanen wurin sun san ni ne. Wasu suka fara kallona ta gefen ido. Ni kuma Baba nake kallo. Ban nemi ya yabe ni ba a lokacin, kalma ɗaya kawai nake jira, ko ya ce a bari a duba tukuna. Ya gyara hularsa, ya dubi dattijon ya ce, “Aikin yaran yanzu ne, sai haƙuri.”

Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

Motar ba ta da nauyi, majiya ƙarfi suka kama ta suka ɗaga, aka matsar da ita gaba. Kan kututturen ya daddare, ya yi fari kamar an sare shi da gatari. Taubashina ya cire riga ya kwanta ya shiga ƙarƙashi. Ya jima, sannan ya fito ya ce farantin ya lotsa, ya yi wani dogon zane tun daga gaba har baya, amma kwanon mai ko ƙwarzane babu. Ya faɗa a gaban kowa cewa ba don ƙarfen nan ba, da yanzu baƙin mai na kwance a ciyawa, inji kuma sai dai a sayi wani. Baba ya dogara sandarsa ya sunkuya da ƙyar, ya zura hannu ta ramin da na huda, ya shafo gindin kwanon. Ya fito da yatsunsa ya duba, a bushe suke. Ya yi hamdala, sannan ya ce, “Injiniya, Allah ya yi maka albarka.”

Nan haƙurina ya ƙare. Na juya kan mashin na kama hanyar Wudil. Ban tsaya ɗaurin auren ba, ban ci shinkafarsu ba. Ina tafe idona na kawo ruwa, ina cewa iska ce.

Washegari da hantsi taubashina ya kawo motar shago a cire farantin a buga shi ya miƙe. Ya shigo da wasansa, yana cewa bawa ya gudu ya bar ubangidansa a daji. Ban ɗago ba. Ya sake wata tsokanar, sai kawai na ajiye guduma na amayar da duk abin da ke cikina. Na ce ya zo ya ƙwace mini uba da akwatunan katako. Na ce ni na yi aiki shi ya kwashi albarka, ni aka zaga a taro shi aka yi wa addu’a. Na ce ya ɗauki motarsa ya kai wa wani mai waldar, tunda aikin yaran yanzu ne. Na faɗi maganganu da yawa, wasu ma ba su da kai.

Ya bar ni har na gaji. Sannan ya jawo benci ya zauna, kuma a karon farko tun da muka taso na ga fuskarsa ba wasa a cikinta.

Ya ce shi tun farko bai yi niyyar kawo mini aikin ba. Kamfanin da ya sayar masa da motar yana da nasa farantin, na alminiyam, har ya shirya aikawa a kawo. Baba ne ya hana. Ya ce masa shi ba zai sa ƙafarsa a motar ba sai in wancan ne ya yi mata ƙarfen da hannunsa, don shi aikinsa ba ya saki. Taubashina ya ce hirar da nake gani suna yi a gindin darbejiya, mafi yawanta tawa ce. Wancan ne ya yi ƙofar masallacin kaza, wancan tun yana yaro yake gyara kekunan unguwa, wancan bai taɓa kawo masa ƙara gida ba. Har ya gaji da jin labarin wancan.

Ya ce jiya bayan na tafi, an zauna cin abinci sai dattijon nan ya sake tayar da zancen ɗanyen aiki. Baba bai tanka masa ba. Ya tsame hannunsa daga kwano, ya wanke, ya tashi ya koma cikin mota ya zauna a rana, har sai da mutumin ya biyo shi yana ba da haƙuri. A hanyar dawowa kuma ya sa aka tsaya a wurin kututturen. Ya fita ya daɗe yana kallonsa, yana taɓa wurin da ya daddare da sanda, yana dariya shi kaɗai yana cewa ƙarfe ya ci marke.

Taubashina ya dubi motar, ya dube ni.

“Kai kana kishina don yana yabona,” in ji shi. “Ka taɓa ganin mutum ya ji kunyar abin da ba nasa ba? Kawu yana yabona ne don ni maraya ne, ɗan ƙanwarsa. Tun muna yara nake kallon yadda yake kau da kai in ka shigo, ina cewa ina ma ni ne. Ga makulli nan, ɗauki motar. Ni ka ba ni uban da zai ji nauyin kiran sunana.”

Ya ajiye makullin a kan benci da gaske. Can dai na ce masa ya ɗauke makullinsa, ni ba na hawan ƙadangare. Ya yi dariya yana goge ido, muka shiga ƙarƙashin motar tare muka kwance notocin.

Da yamma na je gaishe da Baba. Ina ta tsammanin ko zai yi maganar tafiyata ba sallama, ko wani abu ya canza. Ba abin da ya canza. Ya amsa gaisuwata yana kallon wani wuri, sannan ya ce an ce ƙarfen ya lanƙwashe, a gyara shi da kyau. Na ce to. Na daɗe a durƙushe fiye da yadda na saba, shi ma bai sallame ni ba.

Baba ya rasu bayan wasu shekaru, kuma har ya koma ga Allah bai kira sunana ba, bai ce aikina ya yi kyau ba. Ba zan yi ƙarya ba, har yau ina jin da ma ya faɗa ko sau ɗaya, in ji da kunnena. Amma abin da ranar nan ta koya mini shi ne, mai kishi rabon wani yake ƙirgawa, ba ya duba abin da ke hannunsa. Na ɓata watanni ina ƙyashin albarkar da ake sa wa taubashina a fili, alhali shi ya yi rayuwarsa duka yana kwaɗayin shirun da ake yi mini. Tun daga lokacin, in na ji zuciyata ta fara tafasa a kan abin da aka ba wani, sai in tsaya in tambayi kaina ko shi ma akwai abin da yake kallo a wurina yana haɗiyar yawu.